Idan Yaronki Ya Shigo Da Hawainiya: Ruwa, Raɓa Da Laimar Kejinta

Idan kina zaune a Rano ko Kibiya, ko wani gari na kewayensu kamar Rurum, Saji, Tarai ko Durba, kin san cewa da zarar damina ta zauna, shuka ta rufe ƙasa, yara kan dawo daga gona ko yankan ciyawar awaki da tsince-tsince iri-iri. Wannan ya riƙo ɗan tsuntsu, wancan bushiya, wani kuwa sai ki ga ya shigo da sanda, hawainiya na maƙale a jiki tana juya idanu. Abin da akasarinmu kan yi shi ne mu ƙwalla ihu mu ce a fitar mana da ita. Wasu yaran sukan fitar. Wasu kuwa sai su zagaya bayan ɗaki su jefa ta cikin tsohon gwangwanin madara ko kwali, su rufe, su ajiye mata ruwa a murfin kwalba. Bayan 'yan kwanaki sai a tarar ta mutu, ga ruwan nan a gabanta ko taɓawa ba ta yi ba.

Ƙishirwa ce ta kashe ta, domin kuwa hawainiya ba ta saba shan ruwan da ke kwance a mazubi ba. A daji raɓar asuba take lasa a jikin ganye, ko ɗigon ruwan sama da ke gangarowa a reshe. Ruwan da ba ya motsi, ba ya ƙyalli, yawanci ba ta ma gane shi ruwa ne.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan Musulma. Kin sha jin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Haka kuma ƙanen Anas bin Malik, wato Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, har Manzon Allah (SAW) yakan tambaye shi labarinsa cikin raha. Daga nan malamai suka fahimci cewa yaro na iya ajiye dabba, amma fa haƙƙinta yana kan wanda ya tsare ta. Yaro ɗan shekara takwas ba shi da hankalin ɗaukar wannan nauyi, don haka kanki yake dawowa. Ra'ayina tun farko shi ne, mafi alheri yara su kalle ta kwana ɗaya ko biyu, sannan a mayar da ita inda aka ɗauko ta, saboda hawainiyar da aka kamo daga daji ba ta cika daɗewa a keji ba, ko a hannun ƙwararru. Amma idan yaron ya nace, maigida ya amince, ke ma kin ga za ki iya, to ga abin da ya kamata ki sani.

Wace ce hawainiya?

Da farko dai ki kwantar da hankalinki, hawainiya ba ta da dafi. Idan ta ji tsoro takan kumbura jiki, ta buɗe baki, ta yi huci, ta yi baƙi ƙirin, in an matsa mata kuma ta yi cizo, amma cizon nata ba ya sa kuturta ko canjin launin fata kamar yadda ake faɗa. A wanke wurin da sabulu, shi ke nan.

A duniya akwai hawainiya iri fiye da 200, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska suke. Irin da aka fi gani a ƙasar Hausa su ne na yankin Sahel da na dazuzzukan Afirka ta Yamma, waɗanda suka saba da damina mai ruwa da kuma rani mai tsawo. Turawan da ke kiwonta a gida sun fi ajiye wata mai doguwar hula a ka, wadda asalinta daga Yaman da kudancin Saudiyya take. An daɗe ana fitar da irin namu daga Togo da Benin da Gana zuwa Turai da Amurka, kuma cinikinta tsakanin ƙasashe yana buƙatar takardar izini a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya na cikinta.

Canjin launinta kuwa, ba wai tana kwaikwayon zanin da kika ɗaura ba ne. A 2015 masana a Jami'ar Janiba ta ƙasar Suwizalan suka nuna cewa a fatarta akwai wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli da take matsewa ko sassautawa, sai hasken da ke dawowa daga jikinta ya sauya. Abin da ke sa ta yin haka shi ne zafi, sanyi, tsoro ko ganin 'yar'uwarta. Saboda haka launinta wasiƙa ce gare ki: kore mai haske alamar kwanciyar hankali ce, baƙi ko toka-toka da ya wuni bai washe ba kuwa yana nufin akwai damuwa.

Kejin

Kada ki yarda da bokiti, kwali, jarka ko akwatin gilashi. Duk abin da iska ba ta ratsa shi kabari ne gare ta. Ki sa kafinta ya haɗa miki keji na katako, ya buga masa ragar waya irin ta taga da ke hana sauro, a dukkan ɓangarori har da sama. Tsawonsa ya fi faɗinsa, tunda dabbar bisa ce: ƙafa 4 a tsaye, ƙafa 2 faɗi ta kowane gefe, shi ne ma'aunin da masu kiwo suka fi amfani da shi ga babba. Ƙasan kejin a yi shi da raga ko roba mai huji, a saka faranti ko tire mai zurfi a ƙarƙashi wanda za ki iya zarowa.

A ciki ki gicciya rassan gwaiba ko mangwaro masu kaurin yatsa, wasu a kwance wasu a karkace. Sannan ki saka shuka mai rai a tukunyar ƙasa, domin ita ce ginshiƙin laimar kejin baki ɗaya: ganyenta ne ke riƙe ɗigon ruwa, ƙasarta ce ke sakin danshi sannu a hankali, inuwarta ce maɓoya. Yakuwa da rama sun dace ƙwarai, don danginsu ba sa cutar da ita ko da ta ɗan gutsuri ganyen. Da ma ba banza ba Bahaushe ya ce hawainiyarki ta kiyayi ramata. Ya daɗe yana ganinta a can. Ki guji tumfafiya, aguwa, tinya da bini-da-zugu, duk masu guba ne.

Ki ɗora kejin a kan tebur, ya zamana reshen sama ya kai tsawon kanki ko ya ɗara, domin hawainiya tana jin tsoron abin da ke leƙo ta daga sama. A bar tazarar taƙi guda tsakaninsa da bango, musamman in ginin ƙasa ne, kada feshi ya jiƙa shi ya fara zaizayewa. Kuma guda ɗaya tak a keji. Ba ta son abokiyar zama, biyu in suka haɗu ɗaya za ta takura ɗaya har ta daina ci.

Sai maganar rana. Tana buƙatar hasken rana kai tsaye don jikinta ya samar da bitamin D, wanda in babu shi ƙasusuwanta kan yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya saki. Gilashin taga yana tare irin hasken da ake buƙata, saboda haka ajiye ta bayan gilashi bai wadatar ba. A fitar da kejin tsakar gida da hantsi na awa ɗaya ko biyu, rabi a rana rabi a inuwa, a mayar kafin rana ta take.

Yadda ake shayar da ita

Abu biyu za ki tanada. Na farko robar feshi irin ta masu guga ko masu aski, sabuwa fil. Kada ki kuskura ki yi amfani da wadda aka taɓa zuba wa maganin ƙwari, fiya-fiya ko bilic, ko da an wanke ta sau goma. Na biyu gorar roba da za ki huda gindinta da allura, ki ɗora a saman kejin, ta riƙa ɗiga ɗaya bayan ɗaya a kan ganye. In ɗigon ya yi sauri, ki ƙara matse murfin. In ya tsaya, ki sassauta. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta shi ya fi, sai na rijiya ko burtsatse wanda ku ma kuke sha.

Lokutan feshi su ne bayan sallar Asuba da kuma bayan Magariba, wato lokutan da raɓa ke sauka a daji. Ki fesa wa ganyaye da rassa na kamar minti biyu, har sai kin ga ɗigo na rataye a bakin ganye. Kada ki auna mata a fuska. Da fari za ta gudu, amma in kika ja da baya kika yi shiru, sai ki ga ta fara motsa baki tana lasa. Wasu ba sa sha sam in ana kallonsu, don haka kada rashin ganinta tana sha ya tayar miki da hankali.

Abin da zai gaya miki gaskiya shi ne kashinta. Kin san kashin ƙadangare, baƙi da ɗan fari a ƙarshe? Haka nata yake, kuma farin nan shi ne fitsarinta. In ya fito fari ko ruwan madara, tana samun ruwa. In ya koma rawaya sosai ko ruwan goro, ya bushe ƙamas, to ƙishirwa ta kama ta. Idanun da suka faɗa ciki, fatar da ta yamutse, ko tsohuwar fata da ta maƙale a yatsu da ƙarshen wutsiya bayan ta yi saɓa, duk alamun bushewa ne.

Kowane yanayi da nasa hali

A nan ne aikin yake, domin ƙasarmu ba ta da yanayi guda. Masu kiwon hawainiyar Yaman suna neman laimar iska ta kasance kashi 30 zuwa 50 cikin 100 da rana, sannan ta haura sosai da dare lokacin da gari ya yi sanyi. Ƙa'idar ke nan: rana a bushe da iska, dare da danshi da sanyi. Abin da ke kashe ta shi ne haɗuwar zafi da danshi a wurin da iska ba ta motsi, domin a nan ne ciwon huhu ke kama ta. Akwai ɗan agogon auna laima mai batir da ake samu a shagunan kayan kiwon kaji a birnin Kano, in kin samu ya yi kyau. In ba ki samu ba, idonki ya isa. Bayan feshin safe, ganyen ya kamata ya bushe cikin awa ɗaya zuwa biyu. In ya bushe kafin ki gama ɗora koko, iskar ta yi bushewa da yawa. In kuwa har Azahar yana jiƙe, iska ba ta shiga.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, laimar iska a ƙasar Kano takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Ke kanki kina jin haka a leɓɓanki da dugaduganki. A wannan lokaci ki ƙara feshi na uku da hantsi, ki bar gorar ɗigo ta fi daɗewa, sannan ki rufe ɓangare biyu ko uku na kejin da leda ko busasshen zani don danshin ya ɗan zauna, ƙura kuma ta ragu, amma ki bar sama da gaba a buɗe. Ki ajiye ƙaramin tulu na ƙasa cike da ruwa a ciki ko a gefen kejin, a rufe bakinsa. Zufar da yake tsatsowa tana sanya wa iskar kewaye danshi ba tare da ta jiƙa komai ba. Ruwan feshin ki ɗan sirka shi ya yi ɗumi-ɗumi. Kada ki lulluɓe kejin da jiƙaƙƙen buhu a daren hunturu, domin busasshiyar iska in ta ratsa jiƙaƙƙen abu sanyi take ƙarawa, alhali daren Disamba da Janairu kan sauka zuwa digiri 12 ko 13.

Wannan dabarar ta jiƙaƙƙen buhu da bazara take aiki. A Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya zama tanderu, alhali hawainiya in zafi ya haura digiri 35 ba tare da mafaka ba tana cikin haɗari. Sai ki jiƙa buhun algarara ki rataya a ɓangaren da iska ke shigowa, ɓangare ɗaya kawai. Ruwan da ke ƙafewa daga buhun yana tafiya da zafi, daidai yadda randa ke sanyaya ruwa. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya mai jiƙaƙƙen yashi don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki matsar da kejin zuwa wuri mafi sanyi a gidan, zaure ko ɗakin soro, ki taƙaita shan ranarta zuwa sanyin safiya. In kin ga ta sauko ƙasa, launinta ya koɗe, baki a buɗe, zafi ne ya yi mata yawa. Sai dai ki lura, a ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara taruwa gari ya yi gumi, buhun ba ya sanyaya komai kamar da, danshi kawai yake ƙarawa. A nan sai a cire shi, a nemi iska.

Da damina kuwa lamarin ya juye. A watan Agusta, lokacin marka, iskar da kanta cike take da ruwa. Ga wani ma'auni da ke kicin ɗinki: gishiri yana fara jan ruwa daga iska ne idan laima ta kai wajen kashi 75 cikin 100. Don haka duk ranar da kika ga gishirin da ke buɗe ya yi dumu-dumu, kejin ba ya buƙatar feshin dare. Ki bar na safe kaɗai, ki cire duk wata leda da zani, ki buɗe taga. Ki riƙa duba rassa da kusurwoyin katako. In kin ga funfuna, fari ko baƙi, a cire reshen a sa sabo, katakon kuma a kankare a shanya a rana. Gidajen da ke kusa da fadama ko bakin Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, sun fi na kan tudu da gindin duwatsu laima, don haka abin da ya yi wa ƙawarki ta Rurum daidai ba lallai ya yi miki ba.

Idan kin ga tana ɗaga kai sama, baki buɗe alhali ba zafi, ga yawu mai yauƙi ko kumfa, ko tana rufe ido da rana tsaka, to ciwo ya shiga. Wannan ba na jiƙe-jiƙen gida ba ne, sai likitan dabbobi. Amma ɗan farin gishiri da kan taru a bakin hancinta ba ciwo ba ne, hanyar da jikinta ke fitar da gishiri ke nan.

Lafiyar iyalinki

Farantin da ke ƙarƙashin kejin a zubar da shi kullum, ba fashi. Sauro yana iya kammala girma daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana 7 zuwa 10 a ɗan ruwan da ke kwance, kuma ba mai son a ce hawainiya ce ta jawo wa yara zazzaɓin cizon sauro. Funfuna kuma tana tayar da asma, don haka kada kejin ya kwana a ɗakin da yara ke barci.

Abu mafi muhimmanci shi ne ƙwayar cutar Salmonela, wadda ƙadangaru da kunkuru da danginsu kan ɗauka a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, amma a jikin mutum tana sa gudawa da zazzaɓi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar kada a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5. In kina da goyo ko mai rarrafe, ko tsohuwa marar ƙarfi a gidan, ni dai shawarata a haƙura. In babu, to duk wanda ya taɓa ta ko kejin ya wanke hannu da sabulu, kada a wanke farantinta inda ake wanke-wanke, kada kejin ya kusanci randar sha ko madafa.

Ita ma akwai abubuwanmu da ke cutar da ita. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, fiya-fiya da hayaƙin murhu duk suna shiga huhunta. In za ki turara ɗaki, a fitar da kejin tukuna. A kiyaye ta daga kyanwa da kaji, a kuma sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu toka saboda tururuwa.

Abincinta ƙwari ne masu rai: fara, gyare, ƙuda, da shinge idan ya fito bayan ruwa. Ba ta cin matacce, ba ta cin tuwo. Mutanen Turai na da can sun ɗauka iska take ci ta rayu, saboda ba su cika ganinta tana kiwo ba, alhali harshenta da kan kai tsawon jikinta ko ya ninka yana cafke fara kafin ƙiftawar ido. Wannan aikin na yaron ne, shi zai kamo, amma ki ja masa kunne kada ya kamo daga gonar da aka yi wa feshi. Girman farar kada ya wuce faɗin kan hawainiyar. Sau biyu ko uku a mako a barbaɗa wa ƙwarin garin ɓawon ƙwai da aka dafa, aka busar, aka daka ya yi laushi kamar hoda, don ƙarfin ƙashi. A tuna kuma da rani fara takan yi wuya, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a sake tunani kafin kaka ta wuce.

In mace ce

Hawainiyar da yara suka tsinta tana tafiya a ƙasa ko tana ƙetare hanya, sau da yawa mace ce da ta sauko neman wurin binne ƙwai. In kin ga cikinta ya yi fam, ta daina ci, tana zagaye ƙasan kejin tana tono, to lokaci ya yi. Takan zuba ƙwai masu yawa a rami ɗaya, wani lokaci fiye da 30, kuma in ba ta samu wurin haƙa ba sai su maƙale mata a ciki su kashe ta. Ana iya saka mata bokiti mai zurfin taƙi ɗaya da rabi, cike da yashi haɗe da ƙasa, mai danshin da in kika dunƙula zai tsaya amma ba zai ɗiga ba, a rufe gaban kejin da zani a ba ta sirri.

Sai dai irin wannan ba a ma tsaya wahala da ita. Ki haɗa yaron da yayansa ko babansa da yamma, bayan La'asar, su mayar da ita daidai wurin da aka ɗauko ta, nesa da hanyar mota. Kada a cizge ta daga reshe da ƙarfi, don yatsunta kan ji rauni. A tura mata sanda a gabanta ta hau da kanta, a kai sandar jikin kurmi mai ganye, a jira har ta kama reshe da ƙafafu huɗu da wutsiya kafin a janye.